Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fim ɗin tarihin ƙungiyar rock: misalin Deep Purple

An kafa ƙungiyar kiɗan rock ta Deep Purple a Ingila a 1968, ta watse a 1976, ta sake haɗuwa a 1984. A duk jerin makaɗan da suka yi aiki a cikinta, mai ganga Ian Paice ne kaɗai ba a taɓa rasawa ba. Fim ɗin tarihin irin wannan ƙungiya, tun kafin a kunna kyamara ake gyara shi ko a ɓata shi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne fara tace fim, wato yanka da haɗa hotunansa, kafin a nemi izinin waƙoƙi. Kowace waƙa izini biyu take buƙata: na masu haƙƙin rubuta ta, da na kamfanin da ya mallaki faifan. Idan kuma hoton wasa ne da gidan talabijin ya ɗauka, ga na uku nan. Sai a shafe watanni ana daidaita hotuna da bugun ganga, a ƙarshe farashi ya gagara, a koma warware aikin. A fara da jera waƙoƙin a takarda, da daƙiƙa nawa ake so daga kowacce, da ƙasashen da za a nuna fim ɗin, da shekara nawa, a silima ne ko talabijin ko intanet. A karɓi amsa a rubuce.

Sai sa hoto a inda ba zamaninsa ba. Wasan da ƙungiyar ta yi a bikin kiɗa na California Jam a Amurka a Afrilun 1974 yana jan hankalin mai tacewa, don tashar talabijin ta ABC ta ɗauke shi da kyau, har da wurin da mai kaɗa jitar ƙungiyar, Ritchie Blackmore, ya kai wa kyamara duka da jita. Amma mawaƙin da ke kan dandamali a ranar David Coverdale ne, mawaƙin da ya gabace shi, Ian Gillan, ya bar ƙungiyar tun 1973. Duk wanda ya liƙa wannan hoto a ƙarƙashin labarin Gillan, masoya za su gano nan take, kuma ba za su ƙara yarda da sauran fim ɗin ba. Kowane guntun hoto a rubuta masa ranar ɗauka, gari, da sunayen waɗanda ke kan dandamali.

Tsofaffin hotuna gudunsu ba ɗaya ba ne. Fim na silima hoto 24 ne a daƙiƙa, talabijin ɗin Turai 25, na Amurka da Japan 29.97. Idan aka kunna mai 24 a gudun 25, sauri ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100, murya da jita su ɗan hau sama. Mai kallo na iya wucewa bai lura ba, makaɗi kuwa kunnensa zai ji. A zaɓi gudu ɗaya tun farko, a juya hotunan zuwa gare shi, sauti kuma a bar shi a gudunsa na asali. Kada a ja tsohon hoto mai 4:3 (faɗi 4, tsayi 3) don ya cika allo mai faɗi na 16:9. Gara a bar baƙi a gefe da fuskoki su baje.

Tsohon tef ɗin sauti ba a ɗora shi kan inji kai tsaye. Wasu na shekarun 1970 da 1980 sun sha danshi, suna mannewa, fatarsu ta goge a jikin injin. Ƙwararre ne ke gasa su a zafi kaɗan, wajen digiri 50 a ma'aunin Celsius, na tsawon awanni, sannan a kwafe da wuri.

Hira da 'yan ƙungiyar na yanzu kaɗai talla ce kawai. A nemi waɗanda suka fita, da injiniyoyin sauti, da ma'aikatan da suka yi dakon lasifika daga gari zuwa gari. A zauna da kowa shi kaɗai, domin in an tara su, mai bakin cikinsu ne zai ba da labarin, sauran su yi ta gyaɗa kai. A fara da dattawa da marasa lafiya: Jon Lord, mai kaɗa kibod na ƙungiyar, ya rasu a 2012, abin da ba a tambaye shi ba ya tafi da shi. Labarin da aka maimaita sau dubu, kamar gobarar gidan cacar garin Montreux na Switzerland ta 4 ga Disamba 1971 wadda ta haifi waƙar "Smoke on the Water", baki ya riga ya haddace shi. A tambayi ƙananan abubuwa: ina kake zaune da wutar ta tashi, wa ke kusa da kai, ta wace ƙofa ka fita? Sannan a gwada amsar da jaridun lokacin.

A ɗakin hira a sa makirufo biyu, ɗaya a ƙirjin riga, ɗaya a sanda ta sama, a naɗi sauti a 48 kHz, a kashe firji da na'urar sanyaya ɗaki. Takardar amincewa kuma a sa mata hannu kafin baƙo ya miƙe daga kujera.