Matakan Hawan Igiyar Ruwa Karon Farko a Bahar Maliya

Ɗan'uwa, in kun cika bas daga Jidda za ku bakin teku, ci abinci kaɗan, ka riƙe ruwan sha.

Da kun sauka, fara a kan yashi: kwanta rub da ciki bisa allon hawan igiyar ruwa, tafukanka daidai ƙirji, ka yunƙura ka miƙe lokaci guda, gwiwoyi a lanƙwashe. Maimaita har jiki ya saba, nan ne aikin yake.

Sa takalmin roba, don murjani, wato duwatsun ƙarƙashin teku, na yanka kamar reza. Ɗaura madaurin allon a ƙafar da ke baya in ka miƙe, ka shiga ruwa iya ƙugu. Igiyar ruwa na tasowa, kwanta bisa allon, tuƙa da hannuwa, ka miƙe, idonka gaba.

In ka faɗi, rufe kai da hannu kafin ka ɗago.