Kurakuran da ungozomominmu ke yawan yi a Legas, da gyaransu

Na ɗan jima ina zama da ungozomomi a Agege da Mile 12 in ana ba su horo, kuma wallahi matsalar ba rashin iya karɓar haihuwa ba ce, wasu tun kafin a haife ni suke yanke cibi. Abin da ke yi musu nauyi shi ne su buɗe baki su ce wannan ta fi ƙarfina.

Mace ta kwana ta wuni a durƙushe, Iya ungozoma na cewa a ƙara haƙuri lokaci ne bai yi ba, a kawo rubutu, a kawo jiƙo. Addu'a kam a yi, amma naƙudar da ta haura awa 12 ta asibiti ce, irin wannan jiran ne ke barin mace da yoyon fitsari. Kuma nan Legas ce fa, in gosulo ya kama ku tsakanin Agege da Ikeja sai dai Allah. Shi ya sa tun ciki na wata bakwai ake tsayar da direba, a ajiye kuɗin mota, a karɓi izinin maigida tun da wuri, kar sai abu ya ɓaci a fara neman sa a waya yana can kasuwar Alaba Rago. Lambar gaggawa 112 ko 767, a rubuta a bango.

Danna ciki da yankan gishiri dai a bar su gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne misoprostol. Maganin tsayar da jini ne bayan jariri ya fito, amma sai wata ta ba mai naƙuda wai don ta yi sauri, wannan na iya fasa mahaifa. Mabiyiya ma ba a fizgo ta. A sa jariri a nono, in an yi rabin awa ba ta faɗo ba ko jini na jiƙa zani bayan zani, a kama hanya.

Cibi kuwa, na taɓa ganin wanda aka lafta wa man goge baki, ya yi ja yana wari. Sabuwar reza, hannu wankakke da sabulu, a jira minti 1 zuwa 3 kafin a yanke, sai a shafa chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba toka ba gashi da kasko. Dakashi, wato ruwan nonon farko, kar a matse a zubar, shi ne rigakafin farko, wanka kuma ya jira awa 24.

Mu masu koyarwa ma muna da namu kurakuran. A tara tsofaffi a yi musu bayani da Turanci ko Yarbanci, a raba takardu, su gyaɗa kai don kunya su tafi. Ranar da muka kawo 'yar tsana da zani muka ce Iya ki nuna mana yadda kike yi, ranar muka gano rabinsu sun ɗauka kumburin fuska da ciwon kai ga mai ciki alamar 'yan biyu ce, ba su san jijjiga ke tafe ba.