Yadda Ake Farfaɗo da Lambu da Ciyawar Gida Bayan Sanyi Ya Wuce

Da zarar sanyi ya ja baya, itatuwa suka fara toho, sai ka ga mai lambu ya ɗauko buhun taki da injin yanke ciyawa a rana ɗaya. Wannan gaggawar ce ke ɓata aikin tun daga tushe. Ƙasa ake fara dubawa, taki kuwa yana can ƙarshen layi.

Ka ɗebi ƙasa cikin tafin hannu ka dunƙule. In ta cure kamar laka, har ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsunka, ka ƙyale ta tukuna. Taka jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta, iska ta kasa shiga, saiwa ta kasa ratsawa. In ta marmashe da ka matsa ta da babban yatsa, to lokaci ya yi.

Sai shara. Ka bi filin da manjagara, ka kwashe ganyen da ya zube da ƙiraren da iska ta karya. A gindin ciyawa akwai wata shimfiɗar matacciyar ciyawa mai launin ruwan ƙasa. In kaurinta ya wuce santimita 1 da rabi, tana hana ruwa isa ƙasa, don haka a karce ta. Kada a ƙona abin da aka tara, a jibge shi a lungu ya ruɓe ya zama taki.

Inda ƙasa ta yi tauri, musamman hanyar da ake yawan takawa, ka huhhuda ta da ƙarfe mai yatsu irin na lambu, zurfin kamar santimita 10. Wuraren da ciyawa ta mutu ta bar sanƙo, ka sassauta ƙasar, ka yayyafa iri, ka rufe shi sama-sama, ka riƙa jiƙa wurin kullum har ya tsiro. Iri ba ya tsirowa da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai kusan digiri 10 a ma'aunin Celsius.

Yankan ciyawa shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kafin ka tayar da injin, ka wasa wuƙarsa. Dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, bayan kwana biyu sai ka ga bakin ciyawar ya bushe ya yi fari-fari, ta nan kuma cuta ke shiga. Kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda: in ta kai santimita 9, ka mayar da ita 6. Wasu na son su aske ta ƙwal don ta yi kyan gani. Ni dai ban ga ribar hakan ba, domin ciyawa mai ɗan tsayi tana yi wa ƙasa inuwa, tana kuma hana baƙin ciyayi samun wurin tsirowa.

Ban ruwa kuwa, gara a ba da shi da yawa jefi-jefi da a riƙa yayyafi kullum. Kimanin santimita 2 da rabi a mako, har da ruwan sama, ya wadatar, kuma da sassafe. Ka ajiye gwangwani mara komai a tsakiyar filin, shi zai nuna maka abin da ya sauka.

A ɓangaren furanni, ka datse busassun rassa da waɗanda suka karye. Shukar da ke fure da wuri, ka bari sai furen ya zube, in ba haka ba furen bana ka yanke. Ka rufe ƙasar da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 7, amma kada ya taɓa jikin shukar, danshi zai ruɓar da gindinta.

Taki sai ciyawa ta kama girma sosai, bayan an yanke ta kamar sau biyu. Ka bi ma'aunin da ke jikin buhu, ka watsa daidai wa daida, sannan ka bi shi da ruwa don kada ya ƙone ganye.