Yadda Ake Jera Sifikoki a Falo Don Sauti Ya Fito Tas

Da yawa daga cikinmu mukan zuba kuɗi mu sayi amfilifaya da sifikoki masu kyau, a kawo gida a cusa ɗaya a lungu, a ɗora ɗayar bisa kabad, sannan a yi ta ƙorafi cewa a shago ba haka sautin yake ba. Galibi kayan ba su da laifi. Sautin da ke shiga kunnenka iri biyu ne: wanda ya taho kai tsaye daga sifika, da wanda ya fara dukan bango ko ƙasa ko silin kafin ya iso. A falon bulo da siminti, ƙasa tayil, tagogi gilashi, wannan na biyun yana da ƙarfi ƙwarai, kuma wurin da ka ajiye sifikokin ne ke yanke hukunci a kansa.

Tanadi tef ɗin awo, ƙaramin madubi, salatif, da wani da zai kama maka. Zaɓi waƙa ɗaya da ka sani ciki da bai, wadda take da murya a fili da ganga mai nauyi. Da ita za ka yi duk gwajin.

Mataki na 1: Duba wayoyi

Ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi, a bayan amfilifaya da bayan kowace sifika. In aka juya ta gefe ɗaya, sifika ɗaya tana tura iska ɗayar tana janyewa, bes, wato sauti mai kauri irin na ganga, ya zama fanko, muryar mawaƙi ta rasa mazauni.

Mataki na 2: Fara da kujerarka

Kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana riƙe amon da ke wajen haz 43 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa; ƙaramar lamba, sauti mai kauri). A jikin bango wannan amo yana taruwa har ya dami kunne, a tsakiyar ɗaki kuwa sai ya kusan ɓacewa. Ka ga wurare biyun da muka fi son ajiye kujera ke nan, kuma su ne mafi muni.

Masu tsara ɗakunan ɗaukar sauti sukan fara gwaji daga kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki. A falo mai mita 5, ka zauna kamar mita 1.9 daga bangon da ke bayanka. Na san ba kowane gida ne uwargida za ta yarda a jawo kujera haka ba. To ko rabin mita ne a samu, a rataya labule mai kauri a bayanta.

Mataki na 3: Ƙulla kusurwa uku

Injiniyan Ingila Alan Blumlein ne ya yi rajistar fasahar sitiriyo, wato raba sauti zuwa sifikar hagu da ta dama, a 1931, kuma don murya ta zauna a tsakiya sai sauti daga hagu da dama ya iso kunnuwanka a lokaci guda da ƙarfi ɗaya. Saboda haka tazarar da ke tsakanin sifikokin biyu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kanka. In mita 2 ne tsakaninsu, kai ma mita 2 daga kowacce. Auna da tef, kada ka yi da ido. 'Yan santimitoci kaɗan sun isa su karkatar da murya gefe guda. In abin ya zauna, rufe ido za ka ji mawaƙin a tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya.

Mataki na 4: Raba su da bango

A nan aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Duk bangon da ke kusa da sifika yana ƙara wa bes ƙarfi, har kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A lungu bango biyu da ƙasa suke haɗuwa, shi ya sa sifikar lungu take ruri. Da farko abin yakan burge mutum, amma saurara da kyau: bugun ganga ya cakuɗe, ba ka bambanta wannan da wancan, muryar ma ta dushe a ƙarƙashinsa. A ganina wannan ita ce asara mafi girma da ake tafkawa a falukanmu.

Janye su kuma yana da nasa sharaɗi. Bes yana fita ta kowane ɓangare, ya doki bangon da ke bayan sifika, ya dawo ya soke wani sashe na kansa. In gaban sifika yana mita 1 daga bango, raunin da wannan sokewa ke jawowa yana faɗawa wajen haz 86, inda nauyin ganga yake. In rabin mita ne, ya koma wajen haz 170. Babu tazara ɗaya da ta dace da kowane ɗaki. Fara daga rabin mita, kunna waƙarka, matso da su gaba santimita 10, sake saurara, ka ci gaba haka. Inda ka ji kowane bugu ya fito daban da ɗan'uwansa, manna salatif a ƙasa don shaida, saboda ranar shara.

Leƙa bayan akwatin. In akwai rami zagayayye, ƙofar bes ce, kada ka manna ta da bango. Ba ta aƙalla santimita 30. Sannan kada tazarar bangon gefe ta zo daidai da ta bangon da ke bayan sifika, don matsalolin biyu za su taru a amo ɗaya.

Mataki na 5: Tsayi da fuska

Ƙaramar sifikar da ke sama a jikin akwatin ita ke fitar da siraran sautuka, kuma su miƙe suke tafiya kamar hasken tocila. Ta yi daidai da kunnenka a zaune. In kai mai zama ne a kan kafet, sauke su ƙasa-ƙasa ko ka ɗan sunkuyar da su. In dole sai a kan kanta, jawo su bakin kantar, ka sa roba a ƙarƙashi don katakon ya daina kaɗawa.

Sai ka ɗan juyo da fuskarsu wajenka. In sautin ya yi kaifi ko ya matse a tsakiya, buɗe su kaɗan.

Mataki na 6: Dabarar madubi

Zauna a kujerarka, abokin aikinka ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe daidai tsayin kunnenka. Duk inda ka hango sifika a madubin, nan ne sauti ke fara dukan bango ya dawo maka. Rataya labule mai ninki ko darduma mai kauri a wurin, hagu da dama. A ƙasa kuma shimfiɗa kafet tsakaninka da sifikokin, ka kawar da teburin gilashi daga hanya. Amma ka sani, labule siraran sautuka yake shanyewa, ba ya iya wa bes komai.

Mataki na 7: In kana da wufa

Kunne ba ya iya gane daga ina sautin da ke ƙasa da haz 80 yake fitowa, don haka kana da 'yancin ajiye wufa, wato akwatin da ke fitar da bes kaɗai, inda ta fi kyau. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna waƙar, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji bes ya cika ba tare da ruri ba, nan za ka kai ta. Ka koma kujerarka ka riƙa rage ƙarfinta har sai ka daina jin ta a matsayin akwati daban, ta saje da sauran biyun.