Yadda Ake Auna Ƙaramin Fim Ɗin Bin Sawun Masu Laifi Da Aka Yi Wa Sharhin Ba Yabo Ba Fallasa

Kafin ka dubi maki, fara duba yawan waɗanda suka yi sharhin. Babban fim na iya samun sharhi ɗari uku, amma ƙaramin fim da ya fita ba talla, wani lokaci goma sha biyu ne kacal. Wannan bambanci shi ne komai.

Kason da shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyin masu sharhin fina-finai, ke nunawa ba ma'aunin kyau ba ne. Ƙidaya ce ta masu cewa "ya yi" da masu cewa "bai yi ba", kuma iyakar tana kan kashi 60. A ce mutum 12 suka rubuta, 7 suka yaba: kashi 58, an jefa fim cikin ruɓaɓɓu, wato waɗanda shafin ke cewa ba su yi ba. Mutum ɗaya ya ƙaru da yabo, 8 cikin 13, ya koma kashi 62, ya tsallake. Fim ɗin bai canja ko da daƙiƙa ɗaya ba. Don haka idan sharhin bai kai ashirin ba, kada ka ɗora hukunci a kan kason.

Daga nan leƙa shafin Metacritic, shi ma mai tattara sharhi, inda ake mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100. Daga 40 zuwa 60 launin rawaya ne, wato kadaran-kadahan. Amma a ce fim ya samu 52, wannan 52 ɗin iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya ba da hamsin da 'yan kai, alamar fim ne lami da bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma burge kowa ba. Akwai wadda wasu suka ba da 80, wasu 25. Ta biyun ta fi cancantar lokacinka, domin darektan ya gwada wani abu da ya raba kan mutane.

Yanzu karanta sharhi uku: mafi yabo, mafi suka, da ɗaya na tsakiya. Nemo takamaiman abin da suka kuka da shi. In sun ce an saba ganin irin labarin, wannan ƙaramin laifi ne. Masu sharhi na kallon fina-finai birjik a shekara, gajiyarsu ba taka ba ce. In sun ce tsakiyar fim na jan ƙafa, dubi tsawonsa: a minti 95 ana jurewa, a minti 130 azaba ce. Ƙorafin da ya kamata ya kore ka shi ne warwarar ƙarshe ba ta da tushe, wato an fito da mai laifi ba tare da an shuka alamunsa tun farko ba. Irin wannan fim a kan ƙarshensa yake tsaye, kuma ƙwarewar 'yan wasa ba ta ɗinke wannan ɓarakar. Wajen karanta sharhin, tsaya a sakin layi na uku ko na huɗu, don wasu marubutan ba sa iya riƙe sirrin labari.

Makin IMDb, shafin bayanan fina-finai, na masu kallo ne, daga 1 zuwa 10. A kwanakin farko, ƙuri'un ƙaramin fim kan zo daga masoya da makusantan masu shirya shi. Buɗe jadawalin rabon ƙuri'u: in 10 ta yi tsiri alhali 7 da 8 ba kowa, jira mako biyu.

In har ka kunna, ba shi minti ashirin. Zuwa lokacin ya kamata ka san laifin da aka aikata, wanda ke bin sawu, da abin da zai rasa in ya gaza. In ɗaya daga cikin ukun nan bai bayyana ba, da wuya sauran fim ɗin ya gyara.