Yadda Ake Koyon Auna Haske Da Histogiram: Fara Da Siffofi

Duk yaron da ya samu kyamara a Nima ko Mamobi, ko ya saya ko ya aro ta yayansa, gidan suna da gidan biki yake fara nufa. Ni dai na ce ka bar mutane tukuna. Mutum motsi yake, ka ɗauka ya ce "nuna min mu gani", hankalinka duk ya koma kan ko ya yi kyau, ba ka ma tuna da haske ba. Bango kuwa ba ya gaggawa.

Abu na farko, ka zaɓi siffa ɗaya tak ka yini a kanta. Yau da'ira: tayar trotro, bakin tukunyar mai waakye, kubbar babban masallacin Kanda. Gobe murabba'i, tagogi da bulo da ƙofofin shago. Jibi alwatika, rufin kwano da inuwar matakala. Ka matsa kusa har siffar ta cika hoton, kar ka tsaya nesa kana zum.

Na biyu, sa kyamara a A ko Av, wato saitin da kai ke zaɓar faɗin ƙofar lens, ka sa faɗin a f/8, ISO (ƙarfin jin haske) a 100, ka ƙyale ta ta zaɓi saurin shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, da kanta. Lens ɗin 18-55 da ya zo da ita ya isa wallahi, kar wani ya sa ka zubar da sidi a kan sabo yanzu.

To ga inda kowa ke faɗuwa. Rana tsaka a Accra in ka duba sikirin hoton zai yi maka kamar ya yi duhu, alhali ranar ce ta kashe maka ido, sai ka ƙara haske ka ƙara, ka dawo gida ka buɗe a kwamfuta ka tarar farin bango ya ƙone fat, ba tsagar siminti ba tabon fenti, kuma wannan ba ya gyaruwa. Shi ya sa bayan kowane hoto ka danna INFO ko DISP har ɗan zanen nan mai kamar tudu ya fito, shi ne histogiram. Ƙarshen hagu baƙi ne wuluk, lamba 0, ƙarshen dama fari ne tas, lamba 255, tsayin tudun kuma yana nuna yawan wurin da ke da irin wannan hasken a hoton. In tudun ya je ya manne da bangon dama ya haura, ka ƙona. Rage da maɓallin +/- zuwa -0.7 ko -1 ka sake. In hagu ya manne, inuwa ta toshe, wannan da ɗan sauƙi.

Kuma kar ka yarda da masu cewa dole tudun ya zauna a tsakiya. Baƙar ƙofar ƙarfe hagu za ta tara, daidai ne. Farin bango dama ya kamata ya tara, ya kusa taɓawa amma kar ya taɓa. Ita kyamara so take ta mayar da komai ruwan toka, shi ya sa in fari ya cika hoto sai ka ba ta wajen +1, in baƙi ne -1. Ka gwada a abu ɗaya ba tare da ka gusa ba: -1, 0, +1, ka ga yadda tudun ke tafiya. Hasumiyar Jamestown mai ja da fari ta dace da wannan sosai, amma ka kunna histogiram mai launi uku, wanda ke nuna ja da kore da shuɗi daban-daban, don ja yakan riga sauran ƙonewa kai ba ka sani ba. Lokacin hunturu kuma hazo kan tattara komai a tsakiya, ba laifin kyamararka ba ne.

In kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, zanen daga ƙaramin JPEG, hoton da ta riga ta sarrafa, yake fitowa, saboda haka kana da ɗan sauran wuri a dama, amma kar ka dogara da shi.

Sauran aikin ba wuya. Zuba hotunan a kwamfuta ko waya, mayar da su baƙi da fari ka ga ko siffar ta tsaya da kanta, ware biyar ka goge sauran. In kwanon mai waakye za ka ɗauka, ka yi sallama ka nemi izini, ka sayi ko na sidi kaɗan ne.