Yadda Ake Shirya Yawon Yini Guda a Kurmin Mangurof da Kogwannin Bakin Teku

Mangurof itatuwa ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku ta ƙasashe masu zafi, kuma a wurare irin su Los Haitises na Jamhuriyar Dominika da mashigin Phang Nga na Tailan, kurmin yana haɗe da kogwannin dutse da ruwa ya rarake. Duk wanda zai shiga irin wannan wuri, cikowar teku da janyewarsa ne za su tsara masa yininsa.

Da farko, nemi jadawalin ruwa na ranar. A yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa sau 2 ya janye sau 2 cikin awa 24 da minti 50, wato kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Ruwan ba ya tafiya da sauri ɗaya: a awa ta 3 da ta 4 kaɗai yake yin kusan rabin hawansa ko saukarsa. Nan ne ake shan wahala. Mashigar da kwalekwale ya ratsa cikin sauƙi da safe tana iya zama taɓo zalla da rana, bakin kogon da aka shiga a sunkuye kuma yana iya toshewa da ruwa. Lokacin tsayuwar wata da cikarsa, bambancin da ke tsakanin cika da janyewa ya fi girma. Shiga kurmin yayin da ruwa ke hawa, ka fito kafin ya janye sosai.

Sai zaɓen jagora. Tambaye shi ƙarfe nawa ruwa zai cika, mutum nawa ke shiga kwalekwale ɗaya, ko akwai rigar hana nutsewa daidai jikin kowa har yara, da abin da yake yi idan hadari ya taso. Wanda ya kasa amsa tambayar farko, a bar shi. A arewacin Ostareliya da wasu sassan kudu maso gabashin Asiya akwai kada mai zama a ruwan gishiri, don haka a tambayi wannan ma.

Kaya ba su da yawa. Ruwan sha lita 2 zuwa 3 ga kowane mutum, riga mai dogon hannu mara nauyi, hula, da jakar da ruwa ba ya shiga don waya da magani. Takalmi ya zama rufaffe mai igiya. Silifa kan maƙale a laka, ga kuma ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ƙwarya) da ke manne a saiwoyi yana yanka kamar reza, raunin ruwan teku kuwa yana saurin ruruwa. Shafa man kare rana tukuna, ya bushe, sannan maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, domin ƙananan ƙwari masu cizo sun fi yawa da asuba da almuru.

A cikin kurmin, zauna tsakiyar kwalekwale, kada ka miƙe, kada ka kamo reshe don jawo jirgi. Haka ake kifewa. Idan an sauka, bi sawun jagora. Waɗancan tsinkayen da ke fitowa daga laka saiwoyin numfashi ne, domin lakar ba ta da iska, shi ya sa ma take warin ruɓaɓɓen ƙwai. Taka su yana shaƙe itacen. Rage surutu, za ka ga ƙaguwa da tsuntsaye da kifin da ke tsalle a kan taɓo.

Kogo yana da nasa ƙa'idoji. Kowa ya riƙe fitilar goshi da tocila ta biyu, kada a dogara da hasken waya, a sa hular kwano inda rufin ya yi ƙasa. Kada a taɓa duwatsun da ke reto daga sama, maiƙon hannu yana ɓata su ya hana su girma, haka ma zanen mutanen Taino, mazauna yankin na asali, da ke bangon kogwannin Los Haitises. Kada a haska jemagu a fuska ko a kama su. Busasshen kashinsu na iya ɗauke da cutar huhu, saboda haka kada a tayar da ƙura, mai raunin garkuwar jiki kuma ya tsaya a waje. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibiti ranar saboda ciwon haukan kare.

Idan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ko jagora ya ce lokacin fita ya yi, a fita nan take. A ƙirga mutane a bakin kogo wajen shiga da wajen fitowa, sannan a sake ƙirgawa kafin kwalekwale ya tashi.